Kai sana'ar tausa da man kaɗe baje koli: zare 🧵

1/ Mutum uku sun tambaye ni a makon nan ko kama rumfa a baje koli yana biyan mai ƙaramar sana'a. Bari in amsa a nan gaba ɗaya. Ina da ɗan shagon tausa na mata zalla a Kano, ina kuma haɗa man kaɗe da shayin citta da kanumfari.

2/ Ku fara duba lokaci. Na Kano, wanda KACCIMA ke shiryawa a Zoo Road, yawanci ƙarshen Nuwamba ne zuwa Disamba. Na Kaduna kan faɗo wajen Fabrairu ko Maris. Ga mai man kaɗe na Kano ya fi: hunturu ya kama, faso ya fara, leɓe ya tsage. Fatar mutum ce ke yi miki talla.

3/ Kuɗin rumfa ba shi kaɗai ba ne. Akwai motar kai kaya, abincin yarinyar da ke taya ni, buga takardu, ga shago a rufe duk kwanakin. Shi ya sa nake raba rumfa da wata mai turaren wuta. Ƙamshinta ke tsayar da mata, ni in zaunar da su.

4/ Tausa dai ba a ƙulla ta a leda a miƙa. Sai na kai kujera ɗaya da labule mai kauri, ina yin na wuya da kafaɗa minti 5 kyauta. Mace ta wuni tana zagaye da goyo a baya, ta zauna, kafin in gama har ta fara gyangyaɗi 😂 Maza kuma kullum "Hajiya mu fa?" In ce ku turo matanku.

5/ Yanzu ga inda zancen yake. Duk inda aka ajiye ki, akwai mai lasifika kusa. Kwalba ɗaya: basir, sanyi, taifod, suga, hawan jini, har da na ma'aurata. Gabansa cike, ke kina kaɗa ƙuda. Wallahi sai zuciya ta fara raya miki ki ƙara ko kalma ɗaya ce a bayaninki.

6/ Wata dattijuwa ta ɗauki shayina ta ce, "'Yata, wannan yana sauke hawan jini? Na gaji da ƙwayoyin asibiti." Na ce, "Mama, shayi ne kawai, yana ɗumama jiki. Don Allah kada ki ajiye maganinki." Ta ajiye min kayana a hankali, ta wuce gun mai lasifika. Ina kallo ta kwance bakin zani ta biya.

7/ Har yau ina tuna ta. Hawan jini sau da yawa ba ya ciwo, mutum na jin garau ya daina shan magani, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu. Wanda ya sayar mata ya naɗe rumfarsa ya tafi wani garin. Ni shagona yana nan, kowa ya san ƙofarsa.

8/ Ku kuma gane wani abu kan lambar NAFDAC a kayan gargajiya. Tana nuna an duba abin ba ya cutarwa ne, ba wai an tabbatar yana warkar da cutar da mai shi ke faɗa ba. Ku karanta jikin kwalbar, da Turanci a rubuce cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Ba wanda ke karanta wannan layin a lasifika.

9/ Ko tausar minti 5 sai na yi tambaya. Mai ciki ba na yi mata a cikin hayaniyar nan. Wadda ƙafarta ɗaya ta kumbura, da zafi da ciwo, ba na taɓawa sam, don yana iya zama gudan jini ne a jijiya. Asibiti nake cewa ta je, yau ba gobe ba.

10/ Ribar kuwa ba a filin take ba. In na mayar da kuɗin rumfa ma na gode Allah. Littafi nake ajiyewa, duk wadda ta zauna in tambaye ta ko in ajiye lambarta. Ba na jefa kowa a guruf. Sai Janairu saƙonni su fara shigowa WhatsApp: "Ke ce ta bayan labule?" Yawancin amaren da na yi wa gyaran jiki bana ta nan suka zo.

11/ Af, tiransifa. Sabis yana cushewa da yamma, masu alat na bogi sun san haka. Kada kaya su bar hannunki sai kin gani a manhajar bankinki.

12/ Bana ma zan je in sha Allah, sai dai mai turaren ta yi aure ta koma Zariya. Ina neman wadda za mu raba rumfa, mai lalle ko mai humra. Sharaɗi ɗaya: ban da lasifika. Mai so ta yi min magana.