Daga Mandawari zuwa Masaga: Laifin Kwalba ne ko na Wuta?

Kano ta daɗe tana hada-hadar dutsen ado na gilashi, amma sunan da ta yi na ciniki ne, ba na narka shi ba. Shi ya sa da na ƙudiri bin diddigin abin da ke ɓata launin wannan dutse, tafiyar ta kasu biyu: guntuwa a ƙafa daga Mandawari zuwa Kasuwar Kurmi, da doguwa a mota zuwa Bida ta ƙasar Nufe. Mandawari ta dace da zama mafari, domin ana danganta sunanta da ɗaya daga cikin Wangarawan da suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, kuma Wangarawa mutane ne da suka haɗa malanta da fatauci. Gadon fatauci shi ne iya tantance haja da ido. A kan dutsen gilashi kuwa, ina ganin idon namu ya tsaya a rabin hanya: muna gane dutsen da ya ɓaci, amma muna ɗora laifin inda ba nan yake ba.

Daga Sabon Titin Mandawari na kutsa lunguna har cikin Kurmi, kasuwar da aka kafa zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. A rumfunan 'yan koli jigida da abin wuya da awarwaro suna rataye, mafi yawansu na roba ne ko na injin ƙasashen waje, sai tsilli-tsillin na hannu. Idan ka ɗauki silin na hannu ka kai shi bakin rumfa inda rana take, za ka ga abin da nake nufi. Ga dutse mai ruwan bula, amma gefe guda ya yi wani jirwaye ruwan hanta mai ƙyallin ƙarfe. Ga fari da zaren toka-toka ya nannaɗe cikinsa. Ga wani da fuskarsa ta yi kaushi, ta dushe. Da yake da narkakkun kwalabe ake yin dutsen, amsar kasuwa a kan irin wannan ba ta wuce biyu: “Alhaji, kwalbar ce ba ta da kyau,” ko kuma “Ai aikin gargajiya ne, haka yake zuwa.” Duk biyun ban yarda da su ba. Abin da na tafi da shi, na kuma dawo da shi da ƙarfinsa, shi ne mafi yawan wannan ɓaci daga wuta yake, musamman daga yawan iskar da wutar ta samu ko ta rasa, kuma hukuncin ɗaya ne ko a murhun yumɓu ko a bakin wutar gas. Bai kamata Kanawa su yi wa wannan sani riƙon sakainar kashi ba, tunda har sunan garinsu na kan wani dutsen gilashi a duniya: duwatsun Al-Khalil ta Falasɗinu da suka bi ta Masar zuwa Sudan, waɗanda A. J. Arkell ya yi rubutu a kansu a 1937, fataken Hausa ne suka sayo su suka kawo Kano, har masu tara kayan tarihi suka koma kiransu duwatsun Kano.

Hujjar tana cikin yadda ake yi wa gilashi launi. Ba rini ake yi masa ba. Ƙarafa ne ake narkarwa a cikinsa, kowanne a haɗe da oksijin. Tagulla ke ba da ruwan bula, kobal ke ba da shuɗi mai duhu, baƙin ƙarfe da kuromiyam ke ba da koren kwalba. Wutar da makamashinta ya fi iskarta yawa tana cikin yunwar oksijin, don haka sai ta fizge shi daga fatar gilashin da ya yi laushi. Tagullar da aka ƙwace wa oksijin takan koma ja-ja, jirwayen ruwan hanta ke nan. Gilashin da ke da dalma yakan yi baƙi-baƙi mai sheƙi. Ragowar makamashin da bai ƙone ba kuma ya sauka a matsayin kunkunniya, mai aiki ya naɗe ta cikin dutsen bai sani ba, zaren tokar ke nan. Duk mai girki da risho ta san harshen wuta mai ruwan ɗorawa yana baƙanta gindin tukunya, shuɗi kuma ba ya yi, kuma ba ta taɓa zargin tukunyar ba.

Hanyar Bida ta bi ta Zariya da Kaduna, ta gangara wajen Suleja, ta karya a Lambata, ta ratsa Lapai da Agaie. Tun kafin mota, kanwar Barno da ƙasar Manga takan biyo ta Kano a bayan jakuna ta nufi Nufe, kuma cikin masu jiranta akwai mutanen Masaga, unguwar masu gilashi a Bida, waɗanda ke cewa asalinsu daga Masar ne. A da, da yashi da kanwa suke toya nasu baƙin gilashin da suke kira bikini. Cikin masu bincike, Leo Frobenius ya ga aikinsu a tafiyarsa ta 1910 zuwa 1912, S. F. Nadel ya bayyana tsarin sana'ar a littafinsa A Black Byzantium na 1942. Da kwalabe suka wadata sai aka koma narka su, toyin bikini ya kwanta shekaru da yawa, sai a 2019 aka sake gwada shi. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen da ta karrama saboda sana'ar hannu.

A cikin ɗakin aikin Masaga, murhun yumɓu ne a ƙasa, ana cusa masa itace, mai zuga na gefe da zuga-zuginsa, masu aiki sun kewaye bakin wutar kowa da tsinken ƙarfe. Ana ɗosano gilashin da ya yi danƙo, a naɗa a kan tsinken, ana juyawa ba tsayawa, a daidaita shi da ƙarfe mai faɗi, a zare, a binne cikin toka mai ɗumi ya huce a hankali. Abin da ya kamata baƙo ya zuba wa ido ba hannun mai naɗi ba ne, dangantakarsa da mai zuga ce. Da zarar an ƙara ɗanyen itace, hayaƙi ya turnuƙe, harshen ya yi ja mai kasala, wannan lokacin jira ne. Sai zuga ta kama, wutar ta washe, sannan gilashi mai launi ya shiga lafiya. Wanda ya yi gaggawa ya tura a cikin hayaƙi, shi zai fitar da dutse mai dabbare-dabbare, alhali daga kwalba guda suka ɗiba shi da maƙwabcinsa. Kwalba ɗaya, murhu ɗaya, sakamako biyu: da wuya a ce laifin kwalba ne. Kuma akwai gwajin da ɗan koli zai iya yi a rumfarsa. Ya fasa dutsen da ya ɓaci. In baƙin a fata kawai yake, ciki garau, ko kuwa zare ne da ya bi naɗin, to wuta ce. In duk jikin ne ya gurɓace bai ɗaya, sannan a tuhumi gilashin.

Mai cewa kwalba ce yana da 'yar gaskiya, kuma ba zan tauye masa ita ba. Gilashin kwalba an haɗa shi ne don inji: yana son zafi mai yawa, yana saurin sandarewa, in kuma aka daɗe ana gasa shi sai fuskarsa ta fara ƙanƙara ta yi wannan kaushin fari-fari. Ƙura da maiƙon hannu suna hanzarta hakan, abin da ya sa wanke ɓaraguzan kwalba da rufe su, musamman lokacin hunturu, ba ƙaramin aiki ba ne. Kwalba mai ruwan ƙasa, wadda launinta daga baƙin ƙarfe da farar wuta yake, in aka gauraya ta da fara takan tayar da kumfa. Gilashi mai farar wuta in ya haɗu da mai tagulla, baƙin layi kan fito a mahaɗarsu ko da wutar ta fi kowace tsabta. Kwalaben da ba su zo ɗaya wajen buɗewa da tsukewa ba kuma, in aka haɗa su a dutse guda, tsagewa zai yi bayan ya huce. Amma a lura, duk waɗannan halaye ne sanannu da ake kauce musu da tsince kwalba kashi-kashi da taƙaita zamanta a wuta. Halin kwalba iyaka ce da mai sana'a ke aiki cikinta. Abin da ke sauyawa daga dutse zuwa dutse a wuni guda, wuta ce.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma shi na fi ji daga masu kishin sana'ar: a raba mutanen nan da itace da hayaƙi, a saya musu bakin wutar gas irin na Turai, magana ta ƙare. Ina goyon bayan duk abin da zai rage wa huhu da idanu wahala, ya kuma rage saran itace. Sai dai gas ba ya kawar da matsalar, sauya mata kama yake yi. Masu aikin Murano ta Italiya sun yi zamani suna naɗa dutse a kan fitilar mai da zuga kafin gas ya zo a ƙarni na 19, kuma har gobe babban kukan masu koyo a Turai da Amurka shi ne dutse ya yi toka-toka. Bakin wuta mai gas kaɗai yana zuƙo iska ta ƙananan ƙofofi a gindinsa. In ƙura ta toshe su, ko aka buɗe gas fiye da kima, wutar ta koma mai yunwa. Mai haɗa gas da oksijin kuma yana nuna halinsa a 'yan ƙananan harsunan da ke bakinsa: in sun yi tsawo da kai mai ruwan ɗorawa, gas ya yi yawa, in sun gajarce suna huci da ƙara, oksijin ya yi yawa, daidai shi ne shuɗi mai kaifi. Ko wutar ta daidaita, wanda ya kai gilashi dab da bakin ya shiga inda gas bai gama ƙonewa ba, ga zafin da ke tafasa gilashi ya cika shi da ƙananan kumfa, ya mai da ja da ruwan ɗorawa ruwan ƙasa. Magani shi ne a ja baya zuwa tsakiyar harshen, a yi haƙuri. Akwai kuma abin da ke ɓoye a mesa: gas ɗin girki yakan bar wani maiƙo da ke taruwa a cikinta, wutar ta riƙa tofi tana watsa baƙin ɗigo. Injin tace oksijin daga iska yana buƙatar lantarki tsayayye, kuma in aka buɗe shi fiye da ƙarfinsa, oksijin da yake bayarwa raguwa yake yi a tsabta, wutar ta yi laushi mai aiki yana zaton gas ne ya ƙare. Ga haɗari a kai: ana neman yoyo da ruwan sabulu ne, ba da ashana ba, ba a shafa mai ko giris a kan kayan oksijin, kuma dole a sa abin tare wuta don kada ta koma cikin mesa. Wanda aka miƙa wa wannan kaya ba tare da koya masa karatun harshen wuta ba, an ƙara masa tsada ne kawai a kan tsohon ɓacin.

Wani zai ce wahalar banza ce, tunda jigidar roba ta cika kasuwa da araha, mai saye kuma bai damu ba. Ai saboda arahar roba ne ma dutsen hannu ba shi da abin dogaro sai kyansa. Ba zai taɓa yin gasar farashi ba. Wanda zai biya kuɗinsa, amarya ce ko baƙo ko mai kai kaya waje, tsabtar launi yake saya. Gaskiya ne wasu gwanaye da gangan suke rage wa wuta iska don su fito da ƙyallin azurfa ko tagulla a fuskar dutse. Wannan bai rushe maganata ba, ƙarfafa ta ya yi: wanda ya iya kiran launi da wuta, shi ne ya iya hana shi zuwa. Jirwayen tagulla ma sau da yawa yakan goge in an mai da dutsen cikin wuta mai wadatar oksijin, saɓanin kunkunniyar da aka riga aka naɗe a ciki.

A hanyar dawowa, tun daga shigowa gari ta Na'ibawa, na riƙa lura da rumfunan 'yan waldar gas da masu gyaran jikin mota a bakin titi. Waɗannan mutane kullum hannunsu na kan makunni biyu, na gas da na oksijin, kuma sun san bambancin wuta mai hayaƙi da mai huci da madaidaiciya ba tare da sun shiga aji ba. Maƙeran farfaru na cikin birni su ma da ƙaramar wuta suke narka azurfa da zinariya. Rabin ilimin da ake buƙata yana Kano ke nan, ɗaya rabin, wato sanin halin gilashi da naɗi da hucewa, yana Masaga. In hukumomin koyar da sana'a na jihohin Kano da Neja suna neman inda za su sa kuɗi, ya fi musu su haɗa yaran walda da gwanayen Masaga a rumfa guda na wasu watanni, da tukunyar gas da buhun kwalaben da aka tsince kashi-kashi, kafin su yi odar kowane inji. 'Yan kolin Kurmi kuma, tunda su ke sara, su riƙa mai da silin da ya yi jirwaye suna faɗa wa mai shi ainihin abin da suka gani, hayaƙi ne ko tafasa ko gaurayen kwalba, domin ya san abin da zai gyara a zubi na gaba.