Inda Nake Zuwa Ran Asabar

Yau ina so in ba ku labarin wani aiki da nake zuwa kowace Asabar da hantsi, ba don kuɗi ba. Wata ƙungiya ce a garinmu da ke tara yara masu lalurar da likitoci ke kira otizim, su da uwayensu. A gari galahanga ake ce musu, amma wannan kalma buhu ce, kowane irin yaro a ciki ake zuba shi.

Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana wannan lalura a 1943, bayan ya lura da yara 11. Alamunta kan fito tun yaro bai cika shekara 3 ba. A kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali kuwa ba kurma ba ne. Ba ya son haɗa ido, magana ta yi jinkiri, ko kuwa ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa. Ba maita ba ce, ba kuma allurar rigakafi ke kawo ta ba, gado ne ke da hannu ƙwarai a ciki. Babu maganin da ke warkar da ita, amma koyarwa da wuri tana taimako.

A kwalejin horon malamai an koya mana tsayawa gaban allo mu yi ta bayani. To, nan bayani ba ya ci. Akwai wani yaro ɗan shekara 6 da ba ya magana, in ƙishirwa ta kama shi sai ihu da birgima. Muka yanka kwali muka zana masa kofi, da buta, da tabarma, domin in yana son ruwa ya miƙo hoton kofi. Wata huɗu muka yi a kan kofin nan kaɗai! Ran da ya miƙo shi da kansa, uwarsa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Uwayen ne ma suka fi ba ni tausayi. Wata an sake ta domin dangin miji sun ce ɗan ruwa ta haifa, har aka kawo shawarar a kai shi bakin kogi a ajiye. Wata ta sayar da gadonta da kwanoninta ta kai wa masu magani. Wata kuma shekara 3 ba ta leƙa biki ko suna ba, don ba mai riƙe mata yaro. A ganina rabin amfaninmu shi ne mu riƙe shi awa biyu, uwa ta samu ta je unguwa, ko ta yi barci.

Muna ƙarancin hannu. Uwargida, nemi izini ki zo. Ku kuma 'yan makaranta, ku taho da kwali da almakashi. Sai dai wadda za ta zo kada ta sha turare, gama wasunsu ba su jure ƙamshi mai ƙarfi.