Dokin Da Ba Ya Jin Linzami

Duk wanda ya taɓa cinikin doki ya san ba gudu kaɗai ake dubawa ba. Sai an ja linzami an ga ya tsaya cak, sa'an nan a ƙirga kuɗi. Abin mamaki, masanan na'ura mai ƙwaƙwalwa sukan manta da wannan idan sun zo sauya tsohuwar manhaja da sabuwa.

Tun 1964, da kamfanin IBM na Amurka ya fito da System/360, manyan bankuna suka jingina lissafinsu ga babbar kwamfuta. Jikokinta suna nan suna aiki bisa tsarin z/OS. Cikinsu akwai saba, wato manhajar da ke miƙa wa jama'a shafukan intanet. Sabar Domino ta daɗe tana wannan hidima, har 2015, sa'ad da z/OS 2.2 ya fito babu ita. Tilas kowa ya yi ƙaura zuwa wadda aka gina bisa Apache.

A wani banki an yi ƙaurar lafiya, manya suka yi ta sambarka. Bayan mako biyu aka bai wa wani dattijon ma'aikacin dare awa guda ya tsai da sabar, a sa mata sabuwar takardar shaidar tsaro, domin tsohuwar za ta ƙare da asuba. In ta ƙare, masu ajiya ba za su iya shiga asusunsu ba. Ya buga harafin P da sunan aikin, yadda ya saba shekara da shekaru. Shiru kake ji, shafuka na ta fita abinsu.

Dalili kuwa shi ne Apache a gidan Unix aka haife ta, cikin 1995. Ba ta jin umurnin allon ma'aikaci sai an ɗora mata wani sashe mai suna mod_zos_cmds, masu ƙaura kuwa sun tsallake shi. Kuma ita ba jiki ɗaya ba ce: uwa ce da 'ya'ya, kowanne na aikinsa. Uwar takan rubuta lambarta cikin fayil ɗin httpd.pid. Da wannan lamba ake aika mata saƙon tsayawa, ita kuma ta sallami 'ya'yanta.

Dattijon yana da umurnin CANCEL a hannu, amma ya san halinsa. Yana iya sare uwar ya bar 'ya'ya riƙe da ƙofa ta 443, wadda shafuka masu tsaro ke bi, sabuwar saba ta rasa mashiga. Sai ya haɗiye girma ya ta da saurayin injiniya daga barci.

"Baba, kada ka sare ta," in ji yaron. "Duba lambar uwar, mu yi mata magana da harshenta."

Haka aka yi, ta tsaya saura minti goma. Da gari ya waye aka ɗauko takardar ƙaura. An gwada tayarwa, an gwada gudu, an gwada nauyin jama'a, amma babu ko layi ɗaya game da tsayarwa.

To, ba a fafe gora ranar tafiya. Na'urar da mutum zai iya tayarwa amma ya kasa tsayarwa ba ta shiga hannunsa ba tukuna. Wanda zai sa hannu cewa an gama ƙaura, ya fara tambaya: an tsai da ita an gani? Wa ya tsayar, da wane umurni, kuma ma'aikacin dare ya sani?