Motar Yaya da Rufin Ɗakin Inna

Da na ziyarci yayana a Ingila, na tarar ya kwashe kujerun bayan tsohuwar Peugeot ɗinsa, har da safaya, don ta rage nauyi. An yi mata waldar ƙarafan kariya a ciki, ga sabon birki da tayoyi. Wai tudun Shelsley Walsh zai hau, inda ake tsere tun 1905, mota ɗaya bayan ɗaya, agogo ne alƙali. Mita 914 kacal!

Na ce, "Yaya, kuɗin rufin ɗakin Inna fa? Damina ta kusa."

Ya yi shiru, ya miƙo mini sifana. Na karɓa.

Ranar tseren na fi kowa ihu. Har yau ban gaya wa Inna ba.