Alloli Matan Girka a Bisa Kati

Cikin shekara ta 438 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen birnin Atina na ƙasar Girka suka ƙaddamar da mutum-mutumin Atena, allahiyar hikima da yaƙi a addininsu na dā. Gwanin sassaƙa Fidiyas ne ya yi shi da zinariya da hauren giwa, tsawonsa ya kusa metir 12. Yau babu ko ɓarɓashinsa. A ƙarshen ƙarni na 4 na miladiyya sarkin Rum Tiyodosiyus ya hana bautar gumaka, ɗakin da aka ajiye shi ya koma coci, daga baya masallaci, sannan albarushi ya tarwatsa shi a 1687. Amma Atena ba ta ɓace ba. Ta sauka daga kan dutse, ta fake cikin ƴar takardar da ba ta kai tafin hannu ba.

Duk wanda ya taɓa riƙa kartar Faransa, irin wadda ake buga belot da ita a Maraɗi da Damagaram da Yamai, ya taɓa riƙa ta. A gefen sarauniyar pik an rubuta suna da ƙananan baƙaƙe: Pallas. Wannan laƙabin Atena ne. An tuɓe mata hular ƙarfe, an karɓe mashi da garkuwa, aka naɗa ta kamar matar sarki. Sunan kaɗai ya rage, kuma mai wasa ba ya tambayar ko ƴar wace ce, muddin ta ci masa.

Katin da ake tarawa don sha'awa kuwa, kasuwa ce ta haife shi. Cikin shekarun 1880 masu sigari a Amurka suna saka kwali cikin fakiti don kada taba ta karye, sai suka fara buga hoto bisa kwalin. A 1889 kamfanin Kimball na garin Rocesta ya fitar da jerin kati 50 na alloli matan Girkawa da Romawa. Mai son ya cika jerin, dole ya yi ta sayen taba iri ɗaya. A nan akwai abin tunani. Labarin Girkawa ya ce maharbi Aktayon ya ga Artemis, allahiyar farauta, tana wanka a daji, ta mayar da shi barewa, karnukansa suka yayyaga shi. Jinsin da kallonsu ke jawo halaka, su ne aka zana kyawawan mata, aka cusa cikin aljihun maza don a yi ta kallo. Mai talla ya ɗauki kyan fuska, ya bar kwarjini a baya.

Duk da haka, waɗannan kwalaye sun tsira har yau, abin da zinariyar Fidiyas ba ta samu ba. Wani ma'aikacin lantarki, Jefferson Burdick, ya ƙare rayuwarsa yana tara irinsu, ya ba gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyok kimanin kati 300,000 kafin rasuwarsa a 1963. Abin da aka yi don a jefar, ga shi ana adana shi kamar dukiya. Tsada tana kiran ɓarawo da mai narkarwa. Araha kuwa, yawa ne ke tsaronta.

A 1993 wani masanin lissafi, Richard Garfield, ya ƙago wasan Magic, inda kati ya zama abin tarawa kuma abin gwabzawa. Cikin 2013 kamfanin wasan ya fitar da jerin Theros, wanda aka gina bisa labarun Girkawa. Ba su ari sunayen dā ba, sababbi suka raɗa. Nylea mai baka ta gaji Artemis, Ephara mai tsaron birni ta gaji Atena, Karametra ta girbi ta gaji Demeta. Girman kowane kati santimeta 6,3 ne a kan 8,8. Abin mamaki shi ne dokar da aka ɗora musu. Ba a iya halaka allahiya a fagen wasa, amma ba ta ɗaukar jiki ta yi faɗa sai mai wasa ya jera isassun katunan launinta, abin da dokar ta kira ibada. In masu yi mata hidima suka ragu, sai ta koma inuwa. Masu wasa sun faɗi cikin doka ɗaya abin da tarihi ya yi ƙarnuka yana nunawa: ikon waɗannan alloli a hannun masu tuna su yake.

To, mene ne kati yake riƙewa, mene ne yake zubarwa? Yana riƙe suna da alama: mujiya ta Atena, baka na Artemis, ɗawisu na Hera, zangarniyar alkama ta Demeta. Mai zane ba shi da fili, dole alama ɗaya ta ishe shi. Abin da yake zubarwa shi ne labari. Ba ya faɗin baƙin cikin Demeta sa'ad da aka sace ƴarta Farsefoni, har ƙasa ta ƙi ba da amfani, wanda da shi Girkawa ke bayyana sauyin yanayin shekara.

Kati ƙofa ce, ba ɗaki ba. Yaron da ya ga suna ya tambaya, zai iya kaiwa ga Homa da Hesiyod, ya san yadda wata al'umma ta fassara haihuwa da yunwa da mutuwa. Wanda bai tambaya ba, ya riƙe takarda mai launi ne kawai. An ce gani ya kori ji, amma a wannan fage gani ba ya wadatarwa sai an haɗa da ji.