A Bar Ganin Ƙanƙantar Allura

Sa'ad da na ke yaro a ƙauyenmu, kusa da Dambatta, in mun taso daga gona mukan zauna gindin tsamiya mu saurari rediyo. Ran nan aka sa waƙar Ɗan Maraya Jos. Na tambayi kakana, “Kaka, makaɗa nawa ne?” Ya ce mutum ɗaya ne tak, da kuntiginsa. Da ya gaya mini kuntigi gwangwanin kifi ne da fatar akuya da tsirkiya guda, sai na tuntsire da dariya. Kakana ya ce, “Yaro, a bar ganin ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.”

Sunan mawaƙin nan Adamu. An haife shi a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu tun yana ƙarami. Bai zauna yana kuka ba. Ya riƙi kuntigi, ya yi wa talakawa waƙa, har da karen mota wanda mutane su ke rainawa. Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a 2015.

A Amurka ma an yi irinsa, wani baƙin mutum wai shi Little Walter. Abin busarsa, hamonika, aljihu ya ke shiga, amma a 1952 busarsa ta game ƙasar.

To, yara, kada ɗayanku ya raina fensirinsa ko fartanyarsa. Ku riƙe su da kyau, ku yi naci.