Agogon da bai san Asuba ba

Bana kusan duk matashin da ya tsaya a sahu a masallacinmu za ka gan shi da agogon nan mai allo, wanda ke ƙirga taku da bugun zuciya, har ya ce ya san tsawon barcin mutum. Mu ma yaronmu ya sayo mana ɗaya daga Kaduna. Wata huɗu ke nan muna ɗaure da shi, shi ya sa ake yawan tsayawa a shago ana tambayarmu: Malam, me ya sa nawa ke nuna awa uku alhali na yi barci na ƙoshi? Wani kuma nasa ya wayi gari bai rubuta komai ba.

Agogon nan ba ya ganin barci. Abu biyu kawai yake lura da su: motsin hannu, da jinin da ke gudana a ƙarƙashin fata, wanda yake leƙawa da koren hasken nan na bayansa. In hannu ya yi shiru, bugun zuciya ya sauka, sai ya yanke hukunci cewa ka yi barci. Kintace ne. A asibitin da ake gwajin barci na gaske, wayoyi ake manna wa mutum a kai a auna aikin ƙwaƙwalwarsa.

Wasu matsalolin masu sauƙi ne. Wuta sai tsakar dare ake kawowa, in ma an kawo, to sai mutum ya cire agogo ya sa a caji, da safe ya zo yana neman lissafi. A yi masa caji da rana a shago. Na biyu alwala: dole a cire ko a sassauta domin ruwa ya shiga, sai a mayar da shi yana reto, ko a manta da shi a aljihu tun Isha'i. Ya kamata ya zauna daram, kamar yatsa ɗaya sama da ƙashin wuyan hannu, a kuma goge bayansa, don ƙurar hunturu da man shafawa suna dushe hasken. Sannan a buɗe manhajarsa a waya kowace safiya su gaisa, a duba ko lokacin da ke jikinsa daidai ne, musamman in ya taɓa mutuwa.

Amma babbar matsalar ba a gyara ta da caji. Waɗanda suka ƙera shi sun ɗauka mutum zai kwanta sau ɗaya ya tashi sau ɗaya. Mu kuwa barcinmu kashi-kashi ne. Mu kwanta bayan Isha'i, mu tashi kafin kiran farko, wani ya ɗan koma bayan rana ta fito, sannan ga ƙailula. Ko Suratun Nur ta ambaci lokuta uku na keɓewar mutum a ɗakinsa, kuma tsakar rana na cikinsu. Da yawa daga agoguna masu araha barcin dare kaɗai suke rubutawa, kana tashi alwala sun rufe littafi. Ƙailula kuwa ko oho. Balle lokacin kakar citta, da ake ɗinkin buhu da lodi har dare ya raba, ko samarinmu 'yan sintiri da sai gari ya waye suke kwanciya. A wurin agogo waɗannan ba su taɓa barci ba.

Yakan kuma yi kuskure ta ɗaya ɓangaren. Mun zauna lazimi bayan Asuba, hannu a kan gwiwa, ya rubuta mana barcin minti 40. Wani ma ya kawo ƙarar cewa nasa ya ce ya yi barci lokacin huɗubar Juma'a. Wannan kam ba za mu rantse cewa agogon ya yi ƙarya ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani yaro, ɗan ashirin da 'yan kai, lafiyarsa lau, da muka samu labarin ya fara sayen ƙwayar barci a kemis saboda kullum agogo na ce masa barcinsa bai kai ba. Da muka zauna da shi muka lissafa da baki, har da na bayan Azahar, awa bakwai yake yi. Tun 2017 wasu likitoci a Shikago ta Amurka suka rubuta a kan irin wannan: mutum ya damu da lissafin na'ura har damuwar ta hana shi barcin da yake da shi.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne akasinsa, direban da ke jigila tsakanin Kachia da Kafanchan ko Kaduna, agogo na ba shi awa takwas, amma yana gyangyaɗi a kan sitiyari. In iyalinka suna cewa kana minshari mai ƙarfi, numfashinka na tsayawa sannan ka zabura, kuma kana tashi da ciwon kai, kada ka nuna musu agogo a matsayin shaida. Ka je asibiti, ka tafi da wadda ta ji minsharin domin ta yi wa likita bayani da bakinta.